Furfurar Inna a Jikin Tulu

Tun da hannun Inna ya fara rawa ta daina taɓa yumɓu. Matar da ta raine mu da ginin tukwane, sai ga ta zaune a bakin rumfar aikinmu, ba abin da take yi sai kushe nawa. Kushen bai dame ni ba, zaman ne yake ci mini rai. So nake ta dawo aiki.

Ran nan na ce zan gwada wata dabarar ƙona tulu da na koyo, ana ce mata raku. Ba a jiran tanderu ya huce. Tulun na jawur ake ciro shi, a ɗora masa silin jelar doki, silin ya ƙone ya bar baƙin zane.

"A ciro shi da zafinsa?" Inna ta riƙe baki. "Wanda ya koya miki wannan bai taɓa kwaɓa yumɓu ba."

Tulun farko ya dare gida biyu tun a bakin awartaki. Inna ta yi dariya har da hawaye. Na biyu ya fito lafiya, na dire shi kan bulo, na juya in ɗauko jelar dokin. Ashe a kan tanderun na ajiye ta, wai don ta zama kusa da hannu. Ta ƙone ƙurmus, ƙauri ya cika rumfar. Tulun kuwa sai hucewa yake, in ya huce kuma ba zane.

"Wayyo Inna, zai huce!"

"Matsa can, sarkin shirme."

Ban ankara ba ta ture ɗankwali, ta tsigo furfura, ta miƙa hannu saman tulun. Hannun ya kama rawarsa. Na ga ta ji kunya, tana shirin janyewa.

"Saki kawai, Inna."

Ta saki. Silin ya yi cuu, ya nannaɗe, farin gashi ya bar baƙin layi siriri mai kwana-kwana. Ta sake tsigowa. Rawar hannun ce ke watsa silin, nan ɗaya, can biyu, zanen sai yawo yake a jikin tulun.

"Ke, kawo naki ma! So kike ki bar ni da sanƙo?"

Na sunkuyar da kai, ta tsiga ba tausayi, ina ihu tana dariya.

Da tulun ya huce ta ɗauka, ta jujjuya shi, ta ƙwanƙwasa ta saurara. Daɗi ya cika ni.

"Zanen dai ba laifi," ta ce. "Amma wuyan nan ya karkace, gindin kuma ya yi kauri. Wa ya gina shi?"

"Ni ce."

"Na ga alama."

Ta naɗe hannun riga, ta jawo kujerata ta zauna.

"Miƙo mini yumɓun nan."