Tafiyar Inna

Ƙarti uku ne suka cicciɓo kwalin daga bayan mota suna nishi, Auta na gabansu yana ja da baya, yana nuna musu hanya da makullin motarsa. Yaya Tela ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ta leƙo ta taga. Ba wanda ya gaya mata za a kawo wani abu. Da ma a gidan nan ba a gaya mata komai sai abu ya riga ya iso ƙofa.

"Yaya, fito ki gani," in ji Auta. "Injin motsa jiki na sayo wa Inna. Likita ya ce ta riƙa tafiya kullum saboda hawan jinin nan."

"Ai tana tafiya. Kullum da safe tare muke zuwa sayen zare, mu zagayo ta bayan makaranta."

"Wannan ai yawo ne, Yaya. Ga masu babur, ga ramuka. In ta faɗi fa?"

Shekara da shekaru Yaya na riƙe da hannun tsohuwar a kan titin nan, ko tuntuɓe ba ta bari ta yi ba. Amma Auta ne ya gina gidan, kuma shi ne ɗan da ake ɗokin zuwansa don ba ya daɗewa. Ita tun rasuwar mijinta ta dawo da kekenta ta tare wurin Inna. Wanka nata, magani nata, layin asibiti nata, har katifarta a gefen gadon Inna take. Irin wannan aikin ba ya shiga hoto.

Ma'aikacin kamfanin da ya sayar da injin, wani dogo mai shuɗiyar riga, ya bi gidan ɗaki ɗaki yana dudduba daɓe. Ɗakin Inna ya yi kaɗan. Falo kuwa Auta ya ce a'a, akwai kujerunsa, waɗanda ba mai zama a kansu sai ranar da ya zo. Baranda, dogon ya ce ƙura da feshin ruwa za su kashe injin kafin a je ko'ina. Daga nan ya tura ƙofar ɗakin ɗinki, ya buga ƙafa a daɓen, ya dubi soket, ya dubi taga.

"Nan ne daidai, ranka ya daɗe."

Yaya ta matso bakin ƙofar. A ɗakin nan kekenta yake, da teburin yanka, da dogon madubi, da labulen da mata ke shiga bayansa ta auna su. Saboda labulen nan ne matan unguwa suke wuce telolin bakin titi su zo wurinta. Abin da take ci, da abin da take ɗan tura wa 'yarta a makaranta ba tare da ta miƙa wa ƙaninta hannu ba, duk daga ɗakin nan yake fitowa.

"Auta, nan fa wurin aikina ne."

"Haba Yaya, ba ga baranda nan ba? Iska ma ta fi shiga. Lafiyar Inna muke magana fa."

Ta dubi Inna, wadda ke zaune a tsakar gida a kan tabarma tana murmushi tana kallon ɗanta kamar yau aka haife shi. Feshin ruwan da zai kashe injin kamfani, ashe ba ya taɓa keken ɗinki. Ta haɗiye maganar, don in ta fito za a ce tana baƙin ciki da alherin da aka yi wa uwarta.

Kafin rana ta take, ƙartin sun kwashe komai sun jibge a baranda. Madubin suka jingina da bango yana kallon ƙofar gida. Labulen aka naɗe aka ɗora a kan tulin kayan makarantar da ba ta gama ɗinkawa ba.

Da Auta ya fita amsa waya, ta shiga ta sami dogon a durƙushe yana ɗaure ƙusoshin hannuwan injin.

"Malam, in tsohuwar ba ta iya ba fa?"

"Kamfani na karɓa, Hajiya, in dai cikin makon nan ne kuma kwalin bai lalace ba. Amma wanda ya saya shi zai kira."

Ta fita ta janye kwalin daga rana da kanta, ta ninke shi a hankali, ta tura ƙarƙashin gadon Inna. Ta san uwarta. Matar da ba ta yarda ta hau benen asibiti mai tafiya da kansa ba, ba za ta kwana biyu da wannan abin ba. Kalma ɗaya kawai Inna za ta faɗa wa ɗanta, ɗakin ya dawo.

Da aka gama haɗi, dogon ya tara su ya yi bayani. Ba a kunna shi mutum na tsaye a kan bel, wato shimfiɗar da ke gudu a ƙarƙashin ƙafa, sai an raba ƙafafu a gefe. Wannan jar igiyar a riga ake maƙala ta, in mutum ya zame ta fizge injin ya tsaya. Kada a haɗa shi da wuta kai tsaye, sai ta akwatin daidaita wuta. A riƙa ɗaga bel ana ɗiga mai a ƙarƙashi, a riƙa goge ƙura, in bel ya karkace gefe a juya ƙusar baya kaɗan kaɗan. Ya ɗaga kwalbar man da ɗan sifana.

"Wa zai riƙa kula da shi?"

"Miƙa wa Yaya," in ji Auta yana latsa waya. "Kullum tana gida, ba abin da take yi."

Ta karɓa. Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Haka yake gani tsakaninsa da Allah.

"Na haɗa shi da wayata," ya ƙara da cewa. "Duk tafiyar da Inna ta yi, safe da yamma, zan gani daga ofis. Ba zancen ha'inci, Inna."

"Ja'iri," in ji Inna tana dariya. "Ni za ka sa wa ido?"

Ya fito da sabon takalmin gudu, fari ƙal, wanda ya yi mata yawa. Yaya ce ta durƙusa ta cusa ƙyalle a gaba ta ɗaure igiya. Aka ɗora tsohuwa, aka maƙala mata jar igiya a gyale. Da bel ya motsa, Inna ta damƙe hannuwan injin har jijiyoyinta suka fito. Yaya ta sa hannu ta tallafi ƙugunta, ta ji jikin yana rawa ta cikin zani.

"Yaya, ɗan matsa, kina shiga hoton."

Ta matsa iyakar tsawon hannunta, ba ta saki ba. Inna ta ɗago fuska ta yi wa wayar murmushi.

"Allah ya yi maka albarka, Autana. Ya ba ka masu yi maka."

Nan take ya tura wa dangi. Wayar ta shiga ƙara, kawu na yabo, gwaggo na kuka don daɗi, wani ma ya ce kowa ya yi koyi da Auta. Ya ci abinci a tsaye, ya ce yana da taro, ya shiga mota ya tafi.

Bayan la'asar wata malamar asibiti ta zo da yadinta a leda, tsohuwar mai kawo ɗinki ce. Ta tsaya ta dubi baranda, ta dubi ƙofar gida da ke buɗe rabi, ta dubi tagar benen maƙwabta.

"A nan za ki auna ni?"

"Bari in ɗaura labule. Ko mu shiga ciki, sai dai Inna na kwance."

"Bar shi kawai. Na dawo wani lokaci."

Ta tafi da yadinta. Yaya ta san irin wannan dawowar. Ta zauna a gaban keke ta kasa ko zura zare, ranta ya ɓaci har tana jin ɗacinsa a baki.

Sai Inna ta kira ta daga ɗaki. Ta same ta kwance, ta juya fuska bango, takalmin na gefe.

"Tun ɗazu jiri nake ji," in ji tsohuwar. "Ƙasa ce ke gudu a ƙarƙashina, ni kuma ban san inda za ta ba. Ba zan sake hawa abin nan ba. Ko ɗaure ni aka yi."

Yaya ta ji kamar an sauke mata kaya. Ta ɗauko waya.

"To bari in kira shi ki gaya masa. Sun ce za su karɓa, kwalin ma na ajiye."

Inna ta juyo ta kama mata wuyan hannu. Ƙarfin da ba ta da shi ɗazu a kan injin ya dawo.

"Kul. Yaron nan ya yi abin kirki, dangi duk sun gani. Ki sa in kunyata shi? Ba ki ga yadda yake murna ba?"

"Ni fa, Inna? Yanzu mai ɗinki ta juya da yadinta. Ba macen da za ta tsaya a baranda a auna ta. In ɗakin nan ya tafi, sana'ata ta tafi."

"Ke ai babba ce. Ke mai haƙuri ce tun kina ƙarama. Shi ba ya iya ɗaukar abu."

Tun Yaya tana goya Auta a bayanta take jin wannan maganar, kuma ba a taɓa faɗa mata ita ba sai za a karɓe wani abu daga hannunta.

Wayar ta yi ƙara a hannun nata. Auta ne. Ta miƙa wa Inna, muryarsa na fitowa har inda take.

"Inna, ban ga ta yamma ba. Ko har an fara lalaci?"

"Wane ni. Yanzu zan hau, takalmi nake sawa."

Ta kashe, ta ajiye wayar a kan filo. Ba ta dubi 'yarta ba sa'ad da ta yi magana.

"Je ki hau masa. Abin ai bai san ƙafar wa ba ce. Gobe da safe mun yi tafiyarmu ta zare yadda muka saba."

Yaya ta juya. Ta fita ta ratsa baranda, ta gifta kekenta, ta shiga ɗakin. Ta kunna akwatin wuta, ta raba ƙafafu a gefe yadda dogon ya nuna, ta maƙala jar igiya a rigarta, ta danna. Bel ya ja, ta taka. Haushi ya sa ta ƙara danna maɓallin, ta ƙara, har ƙafafunta suna dukan abin da ƙarfi, hawaye na zubo mata ba ta share ba.

Ta ji jan ƙafar Inna a bayanta. Tsohuwar ta dafa ƙyauren ƙofa tana kallo.

"Rage," in ji ta. "Ya san ba na sauri haka."

Yaya ta miƙa yatsa ta rage.