Ƙarfen Bakin Layi

Sau biyu jami'in kashe gobara yana kawo takarda a kan ƙarfen nan na bakin layi, sau biyu mai walda yana ninke ta ya tokare ƙafar teburinsa da ita. Shi ya ƙera ƙarfen da hannunsa: ginshiƙai biyu da wani ƙaton bututu gicciye a sama, don ya hana tifofin yashi shigowa suna rufta musu kwalbati. Ƙananan motoci su wuce, manya su juya. Mutanen layi har albarka suka sa masa.

"Doka ta hana tare hanyar motar kashe gobara," in ji jami'in a zuwansa na biyu. "In magana ta kai kotu, tara ce ko ɗauri."

"Dokar tana ina ran da tifa ta rufta mana kwalbati?" in ji mai walda. "Malam, gobara ba kullum ba ce. Tifa kuwa kullum ce."

Kai, mutumin nan akwai taurin kai! Matarsa ma cewa take in ya kafe, gara ka je ka roƙi bango.

Wata Talata da rana tsaka yana cikin haɗa ƙofa, sai ga ƙanwarsa ta faɗo shagon ko takalmi babu.

"Yaya! Ɗakin Inna! Wayar lantarki ta yi tartsatsi, wuta ta kama silin!"

"Inna fa?"

"Mun fito da ita. Ɗakin ne, Yaya!"

Gidan yana can ƙuryar layi. Ɗakin nan shi kaɗai ya rage cikin ginin da marigayi babansu ya yi da hannunsa, kuma Inna ta rantse daga cikinsa za a ɗauki gawarta. Kafin ya isa, maƙwabta sun yi layi da bokitai, suna watsawa wutar na ƙara tashi.

Can aka ji jiniya. Mai walda ya koma bakin layi a guje, ya tarar da jar motar ta tsaya cak. Tsanin da ke kanta ya fi bututun tsawo da taƙi ɗaya tak. Jami'in nan dai ne ya diro. Ko kallon "ai na faɗa maka" bai yi masa ba, abin da ya fi ƙona wa mai walda rai ke nan.

"Mesarmu ba za ta kai gidan daga nan ba. A yanke shi!"

Mai walda ya janyo injin yankansa daga shagonsa da ke nan bakin layi, ya danna, shiru. An ɗauke wutar unguwa saboda gobarar. Haushi ya sa ya maka injin da ƙasa. Mutanen jami'in suka hau da nasu zarton mai fetur. Tartsatsi ya tashi, zarto ya shiga kaɗan, sai ya fara ƙara yana tofar da farar ƙura.

"Me ke cikin bututun nan?" in ji jami'in.

Mai walda ya sunkuyar da kai. Tun da wani direban tifa ya yi barazanar yanke ƙarfen, ya ɗauki mataki, bai kuma gaya wa kowa ba.

"Kankare ne. Da rodi uku."

"Kai ka ɗura?"

"Ni ne."

Jami'in ya dafe kai, ya kira ofis a turo ƙaramar mota. Mai walda ya ɗauki guduma ya dinga dukan ginshiƙin har tafinsa ya fashe, ƙarfe ko gezau. Kafin ƙaramar motar ta iso, rufin ɗakin ya zube.

Da yamma ɗan sanda ya kawo masa sammaci. Wannan takardar bai ninke ta ba. Ya tafi gidan maƙwabta, ya sami Inna zaune a tabarmar aro, zaninta na warin hayaƙi. Ya durƙusa a gabanta.

"Ƙarfen naka fa," in ji ta, "ya karye?"

"Bai karye ba, Inna."

Ta gyaɗa kai, tana kallon hannunsa mai jini.

"To, madalla. Aikinka ya fi na babanka ƙarko."