Kalangun da Na Ara wa Sumani

Ni da Sumani mun fi shekara talatin tare, tun daga Zangon Kumasi, muka yi Hamburg, muka ƙare a Bronx. Ban taɓa jin haushinsa ba kamar ranar da ya kira ni yana dariya.

"Chale, abokina Ishawu, wata baturiya ta zo daga Jamus tana nemana. Wai documentary za su yi. Ka zo shop gobe ka sha kallo."

Na sauke fasinjana a Parkchester, na kashe tasi, na zauna ina huci.

Ga yadda abin yake. A 1986 muna da ƙungiyar kiɗa a Hamburg, mu shida, ni ke kaɗa kalangu. Sumani ɗaukar kaya ne aikinsa, mutumin da ko tafi ya yi sai ya saɓa da na jama'a. Wata waƙarmu ta ɗan yi tashe, sai aka gayyace mu wani babban shirin waƙe-waƙe na talabijin da Jamusawa ke kallo duk Asabar. Al'adar shirin ita ce ba a kiɗa da gaske. Faifan da aka riga aka ɗauka ake sakawa, mawaƙa su yi ta motsa baki, makaɗa su yi ta motsa hannu. Ni kuwa lokacin takarduna na zama a ƙasar sun mutu, na ce ba zan kai fuskata gaban miliyoyin mutane ba, cikinsu har da 'yan sanda. Da hannuna na rataya wa Sumani kalanguna, na ba shi rigata, na nuna masa yadda ake matse shi a hammata. Na kalli shirin a ɗakina. Kiɗana na tashi, shi yana ta washe baki.

Yanzu, bayan shekara ashirin da takwas, za a rufe shirin, ana tattara tarihinsa, kuma mu ne baƙaƙen fata na farko da suka taɓa hawa dandalin. Sauran 'yan ƙungiyar duk sun watse, wasu sun rasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ba komai nake so ba illa a faɗi sunana sau ɗaya, 'ya'yana su ji.

Washegari na isa shagonsa na sayar da atamfa kusa da Fordham Road. An kunna fitilu, an kafa kyamara. Sumani ya sha babbar riga, yana zaune kamar ango. Baturiyar, mai suna Ulrike, ta kunna masa tsohon hoton shirin a kwamfuta. Da kiɗan ya zo wurin da nake juya shi sau uku, yatsuna suka motsa da kansu a cikin aljihu. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Ta tambaye shi da Turanci wa ya koya masa kiɗa.

Ban jira ya buɗe baki ba. Na matso na ce, "Madam, ba wanda ya koya masa. Wannan kiɗan da kike ji nawa ne."

Na zaci Sumani zai musa, har na shirya masa baƙaƙen maganganu. Sai ya kama hannuna.

"Gaskiya ne, shi ne master. Ni dai riƙewa na yi."

Wannan ya fi ƙona mini rai. Ya ci suna, ga shi kuma zai ci yabon mutumin kirki.

Ulrike ta yi murmushi, ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce ai haka shirin yake, rabin waɗanda suka hau dandalin ba su ne suka yi kiɗan ba, kowa a Jamus ya san wannan. Ta ce abin da masu kallo ba su manta ba shi ne murmushin mai kalangu, har wasiƙu aka yi ta aikowa a kansa, kuma minti biyu kacal aka ware wa ƙungiyarmu. Ta rubuta sunana a bayan wata takarda, ba ta tambayi yadda ake rubuta shi ba.

Mai kyamara ya raɗa mata wani abu. Ta juyo gare ni da ladabi ta ce in ɗan matsa gefe, kafaɗata tana shiga hoton.

Na matsa.