Sikelin Ɗakin Tsintsiya

Ni na fitar da sikelin daga ɗakin, ba wani ba. Gara in faɗa tun yanzu, kada a ɗora wa shugaban asibiti, shi da ko inda muke ajiye auduga bai sani ba.

Shekarata biyu ina aikin nas a sashen yara, kuma kullum abin yana ci mini rai. Ga falo mai faɗi, ga benci, ga fanka, amma sikelin auna nauyi yana can ƙarshen baranda, a wani ɗan ɗaki da ake ajiye tsintsiya da bokiti a da. In mutum biyu suka shiga, da ƙyar ƙofa take rufuwa. Babbar nas ɗinmu, wadda muke kira Sista Uwa, ita ta kafe a kan haka. Duk yaron da ya iya magana, ita za ta kama hannunsa ta kai shi can, ta ce wa wanda ya kawo shi, "A yi haƙuri a jira a nan, ɗakin ba ya ɗaukar mutum uku." Layi ya yi ta tsawo, iyaye na tsaki, ita ko a jikinta. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce in zuba ido zan gani. Na zuba, ban ga komai ba sai ɓata lokaci.

Da ta tafi a yi mata aiki a gwiwa, washegari na kinkimo sikelin na dasa shi a tsakiyar falo. Layi ya riƙa gudu. Har yaba mini aka yi, ni kuwa baki har kunne.

Ranar Litinin aka kawo wata yarinya. Ba za ta wuce shekara bakwai ba, siririya, hannunta na hagu a naɗe da bandeji. Mutumin da ya kawo ta mijin mahaifiyarta ne, tsaf-tsaf da shi, sai ka wanke hannu kafin ka taɓa rigarsa. Ya gaishe da kowa har da mai shara. Tun da suka shigo tafin hannunsa yake kan wuyanta ta baya, bai ɗaga ba.

"Me ya same ki a hannu?" na tambaye ta.

"Dutsen guga ta taɓa," in ji shi. "Kin san yara da ƙiriniya."

"Yana miki zafi har yanzu?"

"Ya yi sauƙi sosai," ya sake amsawa.

Na kwance bandejin. Ƙuna ce a bayan hannu, ba a tafin hannu ba, gefenta a miƙe sambal. Wani abu ya ɗan sosa mini rai, amma akwai mutum goma sha biyu a benci. Na wanke, na shafa magani, na naɗe, na ce ta hau sikeli.

Ta cire takalmanta ta jera su a gefe. Ba ta hau ba. Ta juya tana kallon ƙarshen baranda, sannan ta buɗe baki karo na farko, muryarta can ƙasa.

"Anti, yau ba za mu shiga can ba?"

"A'a, 'yan mata, yanzu a nan ake awo. Hau maza."

Ta hau. Na ga yatsunsa sun ɗan motsa a wuyanta. Shi kuwa murmushi yake yi mini. Na rubuta nauyin, na ce su dawo ranar Alhamis a sake wanke ciwon, a kuma ba ta maganin sha.

Sai da falo ya watse na duba katinta da kyau. Zuwanta na uku ke nan cikin wata biyu: targaɗe, sai ciwon kunne, sai ƙuna. A saman katin, kusa da kusurwa, akwai ɗigo biyu na jan biro. Na san biron, na Sista Uwa ne. Na kira ta a waya, tana kwance a gida.

Da na karanta mata katin, sai ta ce, "Me ta ce miki a ɗaki?"

Na gaya mata inda sikelin yake yanzu. Na ɗauka za ta wanke ni tas, kuma da ta yi hakan da ya fi mini sauƙi. A hankali ta yi magana.

"'Yar nan, takardar ƙa'idar aiki ta ce a saurari yaro, amma ba ta faɗi inda za a saurare shi ba. Wa zai yi magana da hannun babba a wuyansa? In kin ce wa uba ya fita, kin yi masa zargi, ba zai sake kawo yaron ba. Amma ba wanda ke fushi da ɗaki don ya yi kaɗan. Ranar farko yarinyar nan ƙofa kawai ta yi ta kallo. Rana ta biyu ta tambaye ni ko ana jin magana daga waje. Na ce ba a ji. Ɗigon nan biyu na sa su ne don in tuna da ita, ɗaya a kowane zuwa. Irin su a zuwa na uku suke faɗa."

Kunya ta kama ni, da tsoro, da haushin kaina. Yarinya ta yi mako uku tana tara ƙarfin hali, ta zo da shi har gabana, ni kuma na ce mata hau maza.

Kafin in tashi aiki na mayar da sikelin. Na sanar da likita, na kira jami'ar kula da walwalar yara. Ta tafi adireshin da ke kan katin, ta tarar gareji ne, ba wanda ya san su. Lambar wayar ma ba ta shiga. Ta ce ranar Alhamis za ta zo ta zauna a benci da jakarta, kamar uwar da ke jiran layi.

Alhamis ta yi. Ƙarfe goma sha ɗaya sai ga shi, da wata rigar mai guga. Shi kaɗai.

"Ta ce ba ta son asibiti," in ji shi. "A ba ni maganin kawai, mamarta za ta wanke mata a gida."

Na riƙe fuskata. Na jawo katin kamar ina neman wani abu.

"Ai ba ya bayuwa haka, Malam. Da nauyin yaro ake auna shi, kuma na ranar ake so. In ya yi yawa, illa ne. Sai an kawo ta."

"Ba kin auna ta ranar Litinin ba?"

"Wancan sikelin ya ba mu matsala. An ɗauke shi."

Ya dubi tsakiyar falo, inda sawun ƙafafun sikelin ya rage a kan siminti. A bayansa jami'ar ta miƙe a hankali, ta rataya jakarta, ta nufi bakin ƙofa don ta ga hanyar da zai bi. Shi bai lura da ita ba. Idonsa ya bi baranda har ƙarshe, ya tsaya a kan ƙaramar ƙofar. Ya daɗe yana kallonta. Da ya juyo, murmushin yana nan yadda yake.

"To, zan kawo ta gobe," ya ce. "Amma Sista, a wane ɗaki za a auna ta?"