Rim Ɗin Motar Junaidu

Riskuwa na tsugune a bakin tanderu yana jiran aikin da ya gasa ya huce, sai ya ji hayaniya ta taso daga bakin titi. Shagonsa na can ƙarshen layin makanikai a Gwadangaji, kuma sana'arsa ɗaya ce, gyaran rim na mota, ƙarfen da ake ɗora taya a kai. In an kawo masa rim da ya sha wuya a ramukan hanya, sai ya fesa masa yashi da iska mai ƙarfi har tsohon fenti ya zube, ƙarfe ya fito tsirara. Ya miƙar da inda ya lanƙwashe, ya fesa busasshiyar hoda mai launi, ya tura cikin tanderu. Zafi ya narkar da hodar ta kama ƙarfen kam, ko da wuƙa da ƙyar ake kankare ta.

Tamba, mijin ƙanwarsa Sadatu, shi fenti yake yi a Argungu. Ya cike ramuka da fila, ƙullun nan na liƙe ƙarfe, ya fesa fenti, ya shanya a rana, kafin la'asar mai mota ya ɗauki abinsa. Tare suka koyi aiki, kuma kan wannan bambanci suka ɓata. Riskuwa ya taɓa ce masa a gaban mutane fentinsa rufa-ido ne, tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Mutanen da suka shigo layin sun cika hanyar, da sanduna da adduna. A gabansu wani dogon mutum ne, ƙafafunsa duk busasshen taɓon fadama, idanunsa jajir. Riskuwa bai san shi ba. Wanda ya sani shi ne Junaidu, direban motar haya mai jigila tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kansa naɗe da bandeji, ana turo shi gaba. Dogon ya jefar da wani abu a gaban Riskuwa. Rabin rim ne, ruwan toka, ɓarin wanda ya dare gida biyu.

"Kai ne Riskuwa? Ni Albashir, daga Zauro. Yanzun nan munka rufe matata. Wanga abu ya dare, mota ta kife ta kashe ta, kuma direba ya ce aikinka na."

Riskuwa ya sunkuya ya duba. Ya tuna ranar da Junaidu ya kawo rim huɗu. Da yashi ya wanke su, ya ga tsaga siririya kamar gashi a jikin ɗaya, ya ƙi taɓa shi, ya ce masa a jefar. Uku ya gasa. Wannan na huɗun ne, launinsa iri ɗaya da sauran, amma a gefen ciki akwai ɗigon fenti da ya gangaro ya daskare. Ya san hannun da ke barin wannan ɗigo tun suna samari, hannun Tamba ne. Ya tuna Sadatu da 'ya'yanta, sai ya haɗiye abin da ya zo bakinsa.

"Allah ya jiƙan ta," in ji shi. "Ba aikina ba na."

"To na wa?"

Riskuwa ya ƙi faɗa. Albashir ya zari ƙarfen kwance taya daga kan benci ya kawo masa duka a ka. Riskuwa ya tare da hannun dama, ya ji yatsunsa sun karye kamar busassun kara. Kafin ya yi ihu an kwashe ƙafafunsa. Sanduna suka sauka masa a haƙarƙari, wani ya taka masa baki har haƙori ya fita. Makanikan layin sun yunƙuro, aka tare su da adduna. Wani ya kifar da kwampreso, injin hura iska, wani ya zazzage buhunan hoda, shagon ya turnuƙe da baƙi da ja. Mutum biyu suka ja shi suka manna kafaɗarsa a ƙofar tanderu da ba ta huce ba, ya ji ƙaurin rigarsa da na fatarsa tare. Duk da haka bai kira sunan kowa ba. Junaidu na tsaye gefe yana kallon ƙasa.

Sai aka mirgino tsohuwar taya aka zura masa a wuya. Wani saurayi ya zuƙo fetur daga tankin babur ya kwarara masa a ka. Fetur ɗin ya shiga idonsa da bakin raunukansa. Ya ji ana tambayar wa ke da ashana. A nan ƙarfin zuciyarsa ya ƙare.

"Ku dakata," ya ce, jini na bin gemunsa. "Ga tina can bisa benci. Ku goga ga rim ɗin."

Albashir ya ɗaga wa mai ashana hannu. Da kansa ya jiƙa tsumma da tina, ruwan nan mai narkar da fenti, ya goga a ɓarin rim ɗin. Launin ya biyo tsumman, ƙarƙashinsa fila ta fito, ya kankare ta da bakin adda, sai ga ɗinkin walda baƙi daidai inda ƙarfen ya rabu. Ya juya ya goga tsumman a kan wani rim da Riskuwa ya gasa. Ya goga, ya sake gogawa, launin ko gezau.

Junaidu ya ruga. Bai kai bakin titi ba aka kayar da shi, sanda ta fasa bandejin kansa.

"Tamba na," yake faɗa yana kare fuska. "Tamba mai fenti, Argungu, bayan tasha. Ya ce walda tana riƙewa."

Suka jefa shi cikin motar da suka zo da ita, sauran suka hau babura. Layin ya yi tsit. Ummaru mai faci, maƙwabcin shagon, shi ya cire wa Riskuwa tayar, ya sheƙa masa ruwa, ya ce asibiti za su.

"Argungu za mu," in ji Riskuwa.

A cikin tsohuwar motar Ummaru, Riskuwa ya riƙa kiran Tamba da hannun hagu, ana katsewa. Ya kira Sadatu, wayar na kashe. Ummaru ya kira wani ɗan sanda da ya sani, aka ce za a sanar da na Argungu. Hannun Riskuwa ya kumbura ya yi suntum, kowane rami motar ta faɗa sai numfashinsa ya ɗauke. A hanya suka wuce motar Junaidu kwance a gefen gonar shinkafa, tayoyi sama, ga takalman mutane da buhun albasa a warwatse. Ya kau da kai.

Tun daga tasha suka hango hayaƙi. Rumfar Tamba na ci da wuta, gwangwanayen fenti na fashewa ɗaya bayan ɗaya, mutane sun yi da'ira daga nesa. Tamba na kwance a tsakiyar fili, fuskarsa ba ta ganuwa don jini. Albashir na tsaye a kansa yana sauke masa ƙarfen nan a gwiwa, ya ɗaga, ya sauke. Mata biyu na riƙe da Sadatu tana fizga.

Riskuwa ya kutsa cikin taron ya faɗa kan Tamba ya rufe shi da jikinsa. Ƙarfen ya sauka masa a gadon baya, ya ji kamar an raba shi biyu.

"Tashi, malam," in ji Albashir. "Kai na zalunce ka. Kada ka sa in ƙara."

"Ba ni tashi. Mijin ƙanwata na."

Albashir ya sake ɗaga ƙarfen, ya tsaya da shi a sama yana huci. Warin fetur na tashi daga jikin Riskuwa, tartsatsin wuta na sauka kusa da su. Sai hannun mutumin ya saki, ƙarfen ya faɗi, ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da tafukansa. A haka motar 'yan sanda ta same su. 'Yan uwan Albashir suka watse ta lunguna, shi bai motsa ba har aka sa masa ankwa.

Ɗaki ɗaya aka kwantar da Riskuwa da Tamba a asibiti, gado na kallon gado. Ƙafar Tamba ta hagu ba ta gyaru ba, sai da aka yanke ta daga gwiwa. Yatsu biyu na Riskuwa suka ƙage, likita ya ce ba za su sake lanƙwasuwa ba. Sadatu na kawo abinci kwano biyu, ta ajiye wa wanta nasa ba tare da ta dube shi ba. Wata rana da hantsi, tana tsammanin mijinta na barci, ta tsaya a gefen gadon Riskuwa.

"Yaya, an ce kai ka nuna musu."

"Ni na. Sun sa min taya, Sadatu. Na ji tsoro."

Ta daɗe tana kallon ƙunar kafaɗarsa. Ba ta ce ta yafe ba. Ta gyara masa matashi ta fita wanke kwanuka.

"Riskuwa," in ji Tamba daga ɗaya gadon, muryarsa a dishe. Rabon da ya kira sunan nan an yi shekaru. "Na ga tsagar. Na ce ma kaina in Junaidu ya bi a hankali tana kai shi. Matar nan, mi ne sunanta?"

"Sumayya, an ce."

Tamba ya juya fuskarsa bango.

Kotu ta ɗaure Albashir, ta ɗaure Junaidu, shari'ar Tamba kuma aka ɗaga sai ya warke. Da aka sallami Riskuwa ya koma Gwadangaji, ya tarar makanikan layin sun share shagon sun tayar da kwampreso. Ya ɗauki bindigar feshi da hannun hagu ya fara fesa wani rim, hodar ta riƙa zuwa a karkace, wuri ya yi kauri wuri ya yi fayau. Ya wanke rim ɗin da yashi ya sake farawa.