Ranar da Aleida Ta Ja Labule

A titinmu ba a rufe labulen falo. Ba wanda ya taɓa kafa doka, amma duk wanda ya ja labule da rana tsaka, kafin yamma an gama yanke masa hukunci: ko dai yana da abin ɓoyewa, ko yana ganin ya fi ƙarfin a kalle shi. Mu a bar mu da taga wangame, da tukwanen fure a jere, mai wucewa ya ga har irin kujerar da kake zaune a kai, sannan ya kau da kai kamar bai gani ba.

Yayata Rinske ta fi kowa riƙe wannan ɗabi'a. Gidanta na kallon gidan Aleida, ɗan siririn titi ne kawai a tsakani. Tun suna amare suke kallon juna ta taga. Tare suka yi goyo, tare suka aurar da 'ya'ya, mazansu ma ba su jima tsakani ba suka bi juna zuwa lahira. Kowace safiya Rinske za ta zauna bakin taga ta ɗaga kofin gahawa, Aleida ta ɗaga nata daga can, shi ke nan kowacce ta san 'yar'uwarta ta kwana lafiya. In ka cire ni, da nake zuwa ran Lahadi bayan coci in sha gahawa in sha faɗa, Rinske ba ta da kowa a garin nan sai Aleida. Duk da haka ko da wasa ɗaya ba ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗaya sai an shirya. Mu ba ma faɗo wa mutum gida haka kawai, sai an yi waya an sa rana.

Farkon bazara aka yi bikin zagayowar ranar haihuwar Aleida. Aka zauna a da'ira kamar kullum, kowa da yankan kek ɗin tuffa ɗaya a cinya, wanda a al'adarmu mai gida ce ke gasawa da hannunta. Rinske ta gutsura, ta tauna, ta ce a gaban kowa, "Aleida, wannan na shagon Bauke ne ko? Na gane kirfarsa." Aleida ta yi dariya, aka ci gaba da hira. Bayan nan ta tafi kudu wurin 'yarta Marrit a kan za ta yi 'yan kwanaki, sai ta share makonni. Ranar da Marrit ta maido ta Rinske tana kasuwa. Da ta dawo da kekenta sai ta tarar da labulen Aleida a rufe ruf.

Ran Lahadi ko rigar ruwa ban cire ba ta ja ni bakin taga.

"Douwe, dubi can."

"Na duba, Yaya. Labule ne."

"Labule ne! Ka taɓa ganin sa a rufe? Ranar da mijinta ya mutu ma ba ta rufe ba. Kek ɗin nan ne."

"Wane kek kuma?"

"Kai dai ci ka iya. Ba ka ji abin da na ce ba? Ta riƙe ni a zuci. Tafiyar ma da ta yi, gudu na ta yi."

Na ce ta tsallaka ta tambaya mana, titin ai ba teku ba ne. Ta dube ni kamar na ce ta fita ba riga. Ta ce ta yi waya, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, alhali ga fitila a kunne a bayan labule. Wanda ya ƙi ɗaukar waya kuwa ai ya ba ka amsa.

Abin da ke ba ni haushi da Rinske shi ne tana da kaifin basira. Da daƙiƙiya ce da ta manta da zancen ta ci gaba da saƙarta. Amma ita in ta kafa abu a ranta, duk abin da ya gifta sai ta kamo shi ya zama shaida. Motar shago ta fara kawo wa Aleida cefane har ƙofa: ka ga, don kada su haɗu a kasuwa ne. Marrit ta riƙa zuwa duk ƙarshen mako, ta hango Rinske ta ce, "Gwaggo, ina kwana," ta faɗa gida da sauri idonta a ƙasa: ka ga, uwar ta gaya mata komai. Aleida ta daina zuwa coci: ka ga, har da Allah ta haɗa a fushin. Sai kuma furen. Akwai jan furen da Rinske ta yanko daga nata ta ba Aleida shekarun baya, yana nan tsakanin labule da gilashi, a gaban idon kowa. Ya fara langaɓewa, ganyen ya koma ruwan ƙasa.

"Da gangan take kashe shi," in ji Rinske. "So take in gani."

Da farko ta yi ta cin kanta, tana cewa bakinta ne ya ja mata. Amma yayata ba ta iya daɗewa da laifi a hannu, nauyi yake mata. Kafin wata ya zagayo ta gano cewa gaskiya ta faɗa, kek na shago ne, kuma macen da ba ta iya jin gaskiya a kan kek ba ta cancanci a bi ta da lallashi ba. Ta yanke shawarar ramawa. Nan ta gano labulenta na ado ne, ko ka ja shi da ƙarfin tsiya ba ya haɗuwa a tsakiya. Sai da ta hau bas ta je birni ta sayo yadi mai kauri, ruwan toka, ta sa ni na hau tsani na rataya.

"Yaya, za ki zauna cikin duhu fa."

"Duhun nawa ne. Miƙe can gefen, ya karkace."

Tun daga ranar ta ƙaura daga kan kujera ta koma tsayuwa. Takan bar 'yar kafa a tsakiyar labulen, iyakar faɗin ido ɗaya, ta manna fuska tana gadin gidan Aleida, gahawa na hucewa a hannunta. Wani lokaci ta ce ta ga labulen can ya motsa. "Tana leƙe na, munafuka," in ji ta, ita da idonta ke cikin kafa. Ta rame, ta daina saƙa. Na tausaya mata ƙwarai, don kewar Aleida ke cin ta, ita kuma ta sa wa abin suna fushi.

Ƙarshen bazara, wata Lahadi, dillali ya zo ya liƙa allon sayarwa a tagar Aleida, kuma tun a ranar da tambarin "an sayar" a kai. Rinske ta ajiye kofi da ƙarfi har ya fantsalo.

"Za ta tashi ba sallama? Ni za ta yi wa haka? To tukunyar furen nan tawa ce, furen na ba ta, ban ba ta tukunya ba. Tashi mu je ka ɗauko min."

Abin da zumuncin shekara da shekaru ya kasa, tukunyar ƙasa ta yi shi. Yayata ta tsallaka titi ba waya, ba sa rana, da silifas ɗin ɗaka a ƙafarta.

Marrit ce ta buɗe. Ta tsaya jim, sai idonta ya ciko, ta matsa gefe muka shiga.

Falon duhu, ga akwatuna a jibge. An jawo kujera har jikin labule, daidai inda aka bar 'yar kafa irin ta Rinske, Aleida na zaune a kai da bargo a gwiwa. Da ta juyo sai na ga gefen fuskarta na hagu ya zubo, bakin ya karkace, hannun hagu na kwance a cinya kamar ba nata ba.

"Shanyewar ɓarin jiki ce, Gwaggo," in ji Marrit a hankali. "A gidana ta same ta. Ta sa na yi rantsuwa ba zan gaya wa kowa ba."

Aleida ta daɗe tana haɗa kalmomin, suna fitowa da ƙyar, a cakuɗe.

"Kin zo."

"Na zo ɗaukar tukunyata," in ji Rinske.

"Ɗauki. Furen ya mutu. Hannun ba ya ɗaga buta."

"Me ya hana ki ɗaukar waya?"

"Da wannan bakin?" Ta goge gefen leɓe da hannu mai lafiya. "Ban so titi ya gan ni ba. Amma ke, na ce Rinske na ganin labulen nan a rufe za ta san ba lafiya ba. Za ta fasa ƙofa. Kullum ina nan ina jira." Ta numfasa. "Sai na ga kin sayo naki."

Marrit ce ta ƙarasa sauran. Likita ya ce uwar za ta iya zama a gidanta in akwai mai leƙa ta safe da yamma. Aleida ta ce akwai, ga Rinske nan a tsallake, a dai ba ta lokaci. Aka ba da lokaci. Da labule mai ruwan toka ya hau, Aleida ta ce ta gane, Rinske ta ji labari a wani wuri kuma ba ta son ɗawainiyar mara lafiya, ba ta kuma ga laifinta ba. Ita da kanta ta ce a kira dillali. Yanzu an sa hannu, an sama mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da Marrit.

Rinske ta zauna a kan akwati. "Ni na zaci kek ɗin ne."

"Wane kek?"

"Da na ce na shagon Bauke ne."

Aleida ta yi dariya da rabin fuska, har hawaye na bin gefen da ba ya motsi. "Na shagonsa ne mana, shashasha. Tun zamanin ubansa nake saye. Sai bana kika gane?"

Rinske ta tashi ta yaye labulen da hannunta, haske ya cika ɗakin. Daga nan muka hango gidanta a rufe ruf, da 'yar kafarsa a tsakiya. Ta tsaya tana kallon sa. Ban ji daɗin ganin yayata a haka ba.

A 'yan kwanakin da suka rage kullum tana can, tana naɗe kwanuka a takarda tana yi wa Marrit faɗa a kan yadda ake shirya akwati. Ranar tafiya ta tsaya a titi har motar ta sha kwana. Da muka shiga gida ta sa na sauke yadin toka. Ina kan tsani na ji ta ce, "Ni dama tun farko jikina ya ba ni ba lafiya ba." Na riƙe bakina, don tsanin a hannunta yake.

Wasu matasa ne suka sayi gidan, mata da miji, dukansu a gaban kwamfuta suke wuni. Sun sa farin labule, ba su taɓa buɗe shi ba. Rinske ta koma kujerarta. Kowace safiya takan ɗaga kofi sama, sai ta tuna, ta mai da shi baki kamar dama sha za ta yi.

Lahadin da ta wuce na ce, "Yaya, ki tsallaka ki yi musu barka da zuwa mana. Wa ya san abin da ya sa suke rufewa?"

"Girman kai ne," in ji ta, ba ta ko ɗauke ido daga tagar ba. "Ai ba su gayyace ni ba."