Dogon Sautin Eckhard

Shekara talatin da biyu Eckhard ya yi yana kaɗa ogan, babban kayan kiɗan nan mai bututu, a cocin garin, kuma bai taɓa sakin sautin ƙarshe da wuri ba. In an gama sujadar Lahadi sai ya danne yatsunsa, ya yi ta riƙewa kamar wanda barci ya kwashe. Fasto ya duba agogo, yara su yi ta mutsu-mutsu, shi ko a jikinsa.

"Ku masu ƙaho numfashinku na ƙarewa," haka yakan tsokani amininsa Ortwin, mai busa babban ƙahon nan tuba. "Nawa kuwa bututu ne, ba ya haki."

Da Eckhard ya rasu, Ortwin ya tsara kiɗa na ƙaho biyar don tunawa da shi. Komai ya zauna daram, ban da ƙarshen. So yake a riƙe sautin yadda marigayin ke riƙewa, amma har tsawon yaya? Bai taɓa ƙirgawa ba, kullum mita yake. Ga shi ya ba saba'in baya, huhun ba na da ba ne. Tsoronsa ɗaya, kada sautin ya yanke a gaban matar mamacin.

A wajen gwaji Gesine, mai busa ƙaramin ƙaho, ta ɗaga takardar.

"Ortwin, ka rubuta a riƙe. Har yaushe? Har Kirsimeti?"

"Karɓa-karɓa za mu yi. Ɗaya ya ja numfashi, huɗu na busawa."

"Mu dai yara ne. Kai muke ji, tsoho."

Washegari ya tafi gidan Waltraud, matar marigayin. Sai da ta cika shi da kofi da kek, sannan ya yi tambayarsa. Ta yi dariya har da share ƙwalla.

"Kai Ortwin! Shekara talatin kuna cin namansa, ba wanda ya taɓa waiwayawa?"

Ta nuna sandar da take dogarawa tun tana budurwa. Ta ce ba abin da ke ba ta kunya irin ƙarar sandar nan a kan daɓen dutse in coci ya yi tsit. Shi ya sa takan tashi da an shiga sautin ƙarshe. Eckhard kuwa ya karkata ɗan madubin da ke jikin ogan yana kallonta, ba ya ɗaga yatsu sai ta kai ƙofa.

"Tun da ya tafi, sai kowa ya watse nake tashi," in ji ta.

Ortwin ya koma gida ya soke "a riƙe", ya rubuta "har ƙofa". Daɗi ya ishe shi, da ɗan haushi kuma, wai a ce mutumin nan ya ɓoye masa wannan har kabari.

Ran Lahadin da za a yi tunawar, su biyar suka zauna a gaba cikin coci. Kiɗan ya tafi lafiya lau. Da suka shiga sautin ƙarshe, Waltraud ta ɗauki sandarta ta miƙe.

Ashe tafiyar tata ta ƙara nauyi. Ba ta kai rabi ba ƙirjin Ortwin ya fara zafi. Ya saci numfashi, sauran huɗun suka rufa masa asiri. Ya sake sata. Fuskar Gesine ta yi jawur, amma ba ta saki ba. Fasto ya duba agogo, sai kuma ya bi idon mabusan da kallo, ya sauke hannunsa. Sai da inuwar Waltraud ta fita ƙofa Ortwin ya ɗaga gira, suka tsaya tare.

A waje ya same ta tana jira, shi kuwa har yanzu yana maida numfashi.

"Ka yi haki sau uku, ina jinka," in ji ta. "Da Eckhard na nan, da ka sha tsiya."

"Na yarda. To, sandar fa?"

Ta dube ta a hannunta.

"Ita kam ban ji ta ba."